Na Tafi Madani a Bayan Mota, Na Dawo Zariya ta Sama

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin da muke haɗuwa da yamma a Sabon Gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, sai a kewaye ni da tambaya har kofin ya huce a hannuna. Wannan ya ce yaya gari yake daga sama, wancan ya ce da gaske ne Larabawan Sudan ba su san tuwo ba. Mista Ojo, Bayaraben da ke gyara mana kekuna, tambayarsa ɗaya ce kullum: "Malam Tanimu, in fitsari ya matse ka a can sama fa?" Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin tun daga farko, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Ni makanike ne a gonar gwaji ta Samaru. Tarakta da injin ban ruwa su ne aikina, gidana kuma yana Muciya, a keke nake zuwa in dawo. Wata rana bayan ɗaukewar ruwa Baturen sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce akwai kamfanin da ke yi wa auduga feshin maganin ƙwari da ƙananan jiragen sama a Sudan, za su kawo jirgi ɗaya a gwada a gonakinmu, suna son ɗan ƙasa da zai je ya koyi injin, in kansa ya ɗauka a koya masa tuƙin ma.

"Kana jin Turanci, an kuma ce kana da Larabci," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Larabcin littafi ne."

Ya ce ai duk Larabci ne.

Da na gaya wa mai ɗakina, Hajara, ta daɗe tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malam, duk Samaru ba a samu wanda ba shi da 'ya'ya ba ne?" Amma washegari ita ce ta fara haɗa mini guzuri: kilishi, yaji, kuka, da ƙullin daddawa a cikin wani gwangwani.

Jirgin ƙasa ya kai ni Kano, daga nan sai bayan babbar mota, a kan buhunan goro, zuwa Yerwa. Mafi yawan fasinjan maniyyata ne masu bin ƙasa zuwa Makka. A cikinsu akwai wata tsohuwa daga ƙasar Katsina, Iya Dije, wadda tun kafin mu kai Wudil ta riga ta ɗauke ni ɗa. Ita ke ajiye mini wuri in na sauka, ni kuma nake ɗauko mata ruwan alwala. Da na gaya mata abin da zai kai ni Sudan, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, uwarka na da rai?" Na ce ta rasu. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Shi ya sa."

Bayan Gamboru muka shiga ƙasar da Faransa ke mulka. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne direbanmu ya koma hannun dama, don su can haka suke bi, duk motar da ta tunkaro sai in ga kamar kanmu ta nufo. A bakin kogi, kafin a ƙetare zuwa Fort Lami, wadda mutanenmu ke kira Fallomi, aka sauke mu aka duba shaidar allura, aka ce kowa ya kwance kayansa. Wani Bafaranshe matashi ya buɗe gwangwanina, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci yana magana da sauri. Na tabbata tsammani yake wani mugun abu na ɗauko. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Sai wani baƙin soja dogo, da ganinsa mutumin yamma ne can wajen Mali, ya zo ya shinshina, ya yi murmushi, ya yi wa Baturen bayani. Da aka sallame ni ya biyo ni bayan rumfa, ya buɗe tafin hannunsa cikin ladabi. Na gutsura masa. Yadda ya riƙe ta da hannu biyu, na san ya daɗe rabonsa da miyar gida.

A Fallomi a zangon Hausawa muka sauka. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi, a hammata kuma suke ɗaukarsa ba ko takarda. Iya Dije ta ce ita ba za ta ci abin da ya kwana a hammatar wani ba.

Daga nan hanya ta lalace. Tsakanin Abeshe da iyakar Sudan motarmu ta mutu a cikin rairayi. Da yake na riga na cika baki cewa ni makanike ne, duk ido ya dawo kaina. Na kwance abin da zan iya kwancewa, na ga ƙarfen da ya karye ba na ɗauri ba ne, sai an kawo sabo. Haka muka zauna a gindin aduwa muna jiran motar da za ta wuce. Kilishina ya ƙare tun a rana ta biyu, na kuwa raba shi ne da jama'a. Gumbar Iya Dije ce ta riƙe ni. Takan dama ta miƙo mini ta ce, "Sha, mai jirgin sama. Ka ga dai ta ƙasan ma ta gagare ka."

Bayan kwanaki taimako ya iso, muka ci gaba. A Jinaina, garin farko na Sudan, na gwada Larabcina. Na tsaya gaban mai duba fasfo na jero masa gaisuwa irin ta littafi, da wasullanta cif. Ya saurara har na gama, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya har da dafa juna, sannan ya ce huɗuba ce zan yi ko wucewa nake so. Amma ya sa aka kawo mini shayi. Wannan ita ce ɗabi'arsu duk inda na bi: ba za ka tsaya a ƙofar mutum ba tare da an miƙo maka ƙaramin kofi ba. Ba su daɗe da karɓar mulkin kansu ba a lokacin, ko'ina ka ji ana maganar, ni kuwa ina saurare ina tunanin namu.

Daga Al-Ubayyid muka samu jirgin ƙasa. A Madani na sauka, Iya Dije kuma za ta zarce bakin teku. Ta leƙo ta taga ta riƙe hannun rigata ta ce, "Zan roƙa maka a Ɗakin Allah. Kai kuma in ka hau sama, ka kawar da idonka daga tsakar gidajen mutane. Akwai matan aure." Ban sake jin labarinta ba. Allah ya sa ta isa.

A tashar ina cigiyar jakata, na ce wa wani mai dako da na ji yana Hausa, "Wancan jakana ne." Sai wani dattijo mai rawani irin nasu ya juyo ya ce, "Yaro, sake faɗi." Na sake. Ya ce, "Jakana ne. Wallahi kai Bazazzagi ne." Sunansa Alhaji Sule. Yana ƙarami iyayensa suka taso da shi daga Zariya za su Makka, a dawowa suka tsaya noman auduga, shi ke nan zama ya kama. Bai bar ni na nemi masauki ba. Duk zamana a gidansa na yi, ya hana ni ko sayen sabulu.

Abincinsu kisira ne, wata irin waina ce ta dawa, fale-fale kamar takarda, mai ɗan tsami, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Da hantsi kuma, ba da sassafe ba, kowa yakan ajiye aiki a ci dafaffen wake da man riɗi. A waje suke kwana, a kan gadajen igiya. In za su gaisa sai sun dafa kafaɗar juna kafin su yi musafaha, ba a kuma durƙusa wa babba. Ranar farko da na durƙusa wa wani tsoho, shi ma sai ya sunkuyo yana tambaya ko wani abu na yar. Ragowar daddawata na ba uwargidan Alhaji. Ranar da ta yi mana miyar kuka, Alhaji ya ci har ya suɗe kwano.

Filin jirgin yana bayan gari, tsakanin gonakin auduga. Kada ku ɗauka irin na Kano ne. Fili ne kawai da aka share, da rumfar kwano, da durom-durom na fetur, da wata doguwar jakar ƙyalle a kan sanda, kamar ƙafar wando, wadda ke nuna inda iska ta dosa. Jirgin kansa bai fi motar ɗaukar marasa lafiya tsawo ba, kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Da na ƙwanƙwasa fiffikensa na ji ƙyalle ne aka ɗame a kan ƙarafa aka shafe da fenti.

Wanda aka haɗa ni da shi wani Bature ne mutumin Polan, ya tuƙa jirgi a yaƙin duniya, ya fara furfura. Ma'aikata na kiransa Abu Shanab saboda gashin bakinsa. Turancinsa bai fi nawa ba, wannan ya sa muka fahimci juna da wuri. Na zaci washegari za mu tashi. Sai ya ce in bi shi, muka taka filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, muna tsince duwatsu da ƙaya, muna cike ramukan da ɓeraye suka haƙa. Kullum da safe haka. Daga nan sai tace fetur: a shimfiɗa wata fata mai laushi a bakin mazurari, fetur ya wuce, ruwa da datti su tsaya. Sannan a tsiyayo kaɗan daga ƙasan tanki a cikin kwalba a ɗaga wa rana. Na yi makonni ina wannan, har raina ya fara ɓaci.

Wata rana na ce, "Maigida, ni fa tuƙi aka turo ni in koya."

Ya ce, "Shi kake koya. Abokaina da suka mutu bayan yaƙi, yawancinsu a irin wannan filin suka mutu, rana tsaka, ba mai harbinsu."

Jirgin ba shi da makunni, da hannu ake juya farfela ya tashi. Kafin ya koya mini, sai ya ɗaga hannunsa na hagu, na ga yatsunsa ba su cika ba. Ya ce ko inji a kashe yake, in ɗauka farfela na da rai. A sa weji a tayoyi, a kori kowa daga gaba, in na juya ta kuma in ja da baya, kada jikina ya bi hannuna.

Ranar da muka fara tashi, ina kujerar gaba yana baya. Ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinmu, magudanan ruwa suka miƙe kamar zaren saƙa, Kogin Nilu na walƙiya a gefe. Na fara tasbihi, ban kai ƙarshe ba waken da na ci da hantsi ya dawo. Da muka sauka ya miƙo mini bokiti da tsumma. Daga ranar ba na cin abinci sai mun sauko. Amsar tambayar Mista Ojo ma ke nan: ba a shan shayi kafin a hau.

Tashi ba shi da wuya, sauka ce aiki. Na buga jirgin nan da ƙasa har na fara jin kunyar tayoyinsa. Abin da ya fi nanata mini shi ne, kafin in sauka a kowane fili in fara wucewa ƙasa-ƙasa in duba shi da idona. In kuma na zo sauka na ga abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, in tura totur in koma sama in sake kewayowa. Sau da yawa taya na gab da taɓa ƙasa zai daka mini tsawa daga baya, "Jaki a gabanka!" alhali ba jakin, don dai hannuna ya saba.

Wata safiya muka sauka, sai ya kwance ɗamararsa ya fita, ya ce in je in kewayo ni kaɗai. Jirgin ya yi sakayau ba nauyinsa. Ina sama na waiwaya na ga kujerar baya wayam, sai da na karanta duk abin da ya zo bakina. Na sauka lafiya. Da na fito na zauna a kan taya. Alhaji Sule ya yanka ɗan akuya ranar.

Da bazara ta kawo kai aka ce lokaci ya yi da za a kawo jirgin Zariya, ni da Abu Shanab. Alhaji ya rako ni har fili. Ya ce, "In ka hango dutsen Kufena ka gaishe mini da shi." Sai ya juya da sauri ya tafi, bai tsaya ganin tashinmu ba.

Hanyar da na bi a mota muka biyo, muna yada zango a ƙananan filaye, tashi da sassafe, sauka kafin rana ta take, don da zafi iska kan yi ta wujijjiga ƙaramin jirgi. A wani fili a Darfur na tsiyayo fetur daga durom ɗin da aka ajiye mana, na ɗaga kwalbar, sai ga ruwa kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido. Muka wuni muna tacewa. Tun daga ranar ban sake jin haushin fatar nan ba.

A ƙasar Wadai muka kwana a wani ƙauye. Muka ɗaure jirgin da turaku, muka kewaye manyan tayoyin da ƙaya, don an ce kura na son roba. Da safe muka tarar ta bar tayoyin, ta koma wutsiya ta yage ƙyallen. Abu Shanab ya zagaya yana magana da yarensu, na san ba addu'a yake ba. Mai garin ya aiko da badukunsa, muka yanko ƙyalle daga abin da muka taho da shi, ya ɗinke tsaf, muka shafe da fenti muka jira ya bushe. Mutanen garin suka ciyar da mu tuwon gero da nono, suka ƙi karɓar komai. Abin da baduku ya roƙa kawai a bar shi ya zauna a kujerar gaba na ɗan lokaci. Ya zauna, ya riƙe sandar tuƙi, ya sauko da fara'a.

Tsakanin Fallomi da Yerwa hadarin farko na shekara ya tare mu, baƙi ƙirin, daga ƙasa har sama. Akwai wata 'yar kafa mai haske a tsakiya. Mun riga mun makara, na san an aika Samaru cewa muna tafe, raina kuma duk yana gida. Na waiwaya na ce, "Maigida, mu bi ta can?"

Ya harɗe hannuwa ya ce, "Kai ke tuƙi."

Na dubi kafar nan, na ga tana tsukewa. Na kwantar da jirgin na juya muka koma inda muka fito. Muna gama ɗaure shi iska ta iso, ta kwashe rufin rumfar filin ta yar a cikin gona. Muka tsaya a jikin bango muna kallo.

Bayan an duba mu a Kano, muka kamo layin dogo muka biyo shi kudu. Na hango Kufena, na isar da gaisuwar Alhaji da ƙarfi, Baturen na tambaya da wa nake magana. Ga rufin kwanon Sabon Gari, ga hayaƙin tasha, ga gonakinmu na Samaru a yanke kamar an sa wuƙa. A filin jirgin da ke kusa da Palladan na ga taron mutane a gefe: abokan aikina, da Baturen sashenmu, da mutanen teburin shayi a kan kekuna. Na wuce ƙasa-ƙasa na duba, fili fes. Na kewayo, na rage wuta, na saito hancin jirgin, zuciyata na cewa yau Zazzau za ta ga sauka.

Saura ƙiris taya ta taɓa ƙasa, sai ga mutum ya fito daga cikin dogayen ciyayin gefe. Tsohuwa ce da ƙaton dammin itace a kafaɗa, irin ɗaukar matan ƙauyukan bayan Samaru, itacen ya kare mata gefen da nake. Tafiyarta take a hankali, ta miƙe tsakiyar fili. Ban san lokacin da hannuna ya tura totur ba. Injin ya yi ruri, jirgin ya yi kamar ba zai ɗaga ba, sannan ya ɗaga. Na ga ɗaurin igiyar itacen da idona lokacin da muka wuce ta samanta.

Na kewayo. Tana nan ba ta gama ƙetarewa ba, sai na sake kewayowa. A karo na gaba na sauka, saukar ma ba ta yi kyau ba, sai da jirgin ya yi tsalle. Na kashe inji. Abu Shanab ya dafa kafaɗata daga baya, irin gaisuwar mutanen Madani, ya ce, "Ni ban gan ta ba. Kanka ya kare mini." Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Jama'ar da ke can nesa ba su lura da ita ba, tudu ya tare musu. Har yau a teburin shayi ana tsokanata cewa na manta yadda ake sauka ne, sai da Bature ya tuna mini. Hajara kuwa, da na shiga gida, ta dubi ramar da na yi ta ce ruwan wanka na bayan ɗaki.

Abu Shanab zai koma in an gama gwajin feshin, ni kuma ina shirin jarrabawar samun lasin. Kafin nan na roƙi ofis, an sa mai tuta a bakin hanyar da ta ratsa filin, na kuma bi ƙauyukan kusa na yi wa masu unguwanni bayani. A nan na sami labarin tsohuwar. Sunanta Tani, kurma ce tun tana yarinya, itacen kuma Sabon Gari take kai wa masu tuya. Na je har gidanta. 'Yarta ta yi ta yi mata nuni da hannu, tana kwatanta fiffike, tana nuna ni. Tsohuwar ta dube ni, ta yi dariya, ga alama ta ɗauka wani ɗan uwa ne ya zo daga nesa. Ta shiga ɗaki ta ɗebo mini gyaɗa a ƙwarya. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na zauna a kan turmi na ci a gabanta.